Otizim da faibromayaljiya a jiki ɗaya: yaya mutum zai ɗauke su?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 36, 'yar asalin Zariya, ina zaune a Ingila da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Shekara huɗu da suka wuce likitan gaɓɓai ya ce ina da faibromayaljiya, bayan na daɗe ina fama da ciwon jiki da gajiyar da ba ta jin barci. A bara kuma, lokacin da ake duba ɗana, aka ba ni shawarar ni ma a duba ni, sai aka tabbatar ina da otizim. Shin akwai alaƙa tsakanin abubuwan nan biyu? A zaurukan intanet ana ce mana mu rungume su a matsayin mu kanmu, mu yi alfahari da su, mahaifiyata kuma ta ce in daina kira wa kaina ciwo domin baki shi ke yanka wuya. Wanne zan bi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya miki yaran. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma zan fara da matsayar da na tsaya a kai kafin in kawo dalilai. Akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, kuma binciken 'yan shekarun nan yana nuna suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya, musamman mata, fiye da yadda za a ce dace ne kawai. Game da runguma kuwa, shawarata ita ce ki karɓi duka biyun ba tare da kunya ba, amma kada ki zaunar da su a tabarma ɗaya, domin otizim yana cikin yadda aka halicce ki tun farko, faibromayaljiya kuwa larura ce da ta same ki daga baya, tana hawa tana sauka, kuma ta cancanci a ci gaba da nema mata magani.

Zan riƙa cewa otizim maimakon galahanga da wasu kafafen labarai suke amfani da ita, saboda mutane suna jefa kalmar galahanga a kan larurori daban-daban da ba su da haɗi, kuma tana sa a yi zaton duk mai ita yana da tawayar fahimta, alhali da yawa ba su da ita. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun a ciki da farkon ƙuruciya, yana da gado mai ƙarfi, kuma yana bayyana a yadda mutum yake mu'amala da mutane, da ƙaunarsa ga tsari da maimaita abu, da zurfin da yake yi a abin da ya ja hankalinsa, da kuma yadda yake karɓar sauti da haske da wari da taɓawa. Leo Kanner ya bayyana shi a 1943 a kan yara 11 a Baltimore, takwas maza uku mata, Hans Asperger kuma ya rubuta nasa a Biyana a 1944 a kan yara maza. Daga wannan tushe aka gina hoton mai otizim a matsayin yaro namiji, aka daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, har sai da wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa idan aka shiga cikin jama'a aka duba da kyau, lissafin ya fi kusa da uku ga ɗaya. Ma'anar wannan ita ce akwai mata da yawa da aka tsallake. Hanyar da kika bi, wato a gano uwa ta dalilin ɗanta, tana cikin hanyoyin da aka fi gano su.

Dalilin tsallakewar yana da muhimmanci ga tambayarki, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Yarinya mai otizim takan koyi ɓoye halinta tun tana ƙarama: tana kallon yadda sauran 'yan mata suke gaisuwa da dariya ta kwaikwaya, tana haddace abin da za ta faɗa kafin ta shiga ɗaki, tana danne motsin da yake kwantar mata da hankali don kada a yi mata magana. A wurinmu kuma tarbiyya takan taimaka wajen rufe abin ba da gangan ba, domin yarinyar da ba ta kallon idon manya, ba ta son shiga taro, ba ta da yawan magana, sunanta mai kunya da kawaici, kuma yabo ake yi mata. Yabon yana da daɗi, amma aikin da take yi a ciki don ta ci gaba da samunsa aiki ne mai cin jiki, kuma tana yin sa kowace rana na shekara ashirin ko talatin.

Faibromayaljiya kuwa tarihinta na neman a yarda da ita ne. A 1904 likitan jijiyoyi William Gowers ya ba irin wannan ciwo sunan da yake nufin kumburin nama, amma da aka duba naman ba a sami kumburi ba, sai a 1976 aka sauya sunan zuwa wanda kike ji yanzu, wanda ma'anarsa kawai ciwo a tsoka da jijiyoyin da suke ɗaure ta. A 1981 Muhammad Yunus, likitan gaɓɓai a jihar Ilinoi ta Amurka, ya fitar da binciken da ya kwatanta masu ciwon da masu lafiya, ya nuna cewa ciwon yana tafe da gajiya da rashin barci da ciwon kai da rikicewar hanji. A 1990 Ƙungiyar Likitocin Gaɓɓai ta Amurka ta kafa ma'auni: ciwo a sassan jiki da yawa na aƙalla wata uku, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 idan likita ya danna. A 2010 aka ajiye maganar danna wurare, aka koma ga faɗin ciwon da nauyin gajiya da barci da hazon tunani, aka sake gyara ma'aunin a 2016. Ana ƙiyasta cewa tana samun mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata ne aka fi ganowa da ita.

Abin da aka fahimta yanzu shi ne matsalar ta fi zama a yadda laka da ƙwaƙwalwa suke sarrafa saƙon jiki. Ki ɗauki misalin lasifikar masallaci da aka ƙure mata murya: numfashin liman da motsin rigarsa duk sai su fito da ƙarfi, alhali babu abin da ya sauya a bakinsa. An auna ruwan laka na masu faibromayaljiya aka sami sinadarin da yake isar da saƙon zafi ya ninka na masu lafiya, kuma a 2002 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa dannawa kaɗan a ɗan yatsansu tana kunna wuraren jin zafi kamar yadda dannawa mai ƙarfi take yi wa wasu. A 2017 ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta ware wa irin wannan zafi rukuni na uku, bayan zafin rauni da zafin lalacewar jijiya. Akwai kuma binciken da aka fitar a 2021 inda aka ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin marasa lafiya aka sa wa ɓeraye, sai ɓerayen suka fara nuna saurin jin zafi, abin da ya sa ake duba ko garkuwar jiki tana da hannu a wurin wasu. Na kawo waɗannan ne don ki san cewa duk wanda ya ce miki ciwon a ranki yake kawai, ilimi ya wuce shi.

To a nan ne hanyoyin biyu suke haɗuwa. A 2013, da aka sabunta kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, an sa bambancin jin sauti da haske da taɓawa cikin alamomin otizim a hukumance, abin da masu shi suka daɗe suna faɗa. Mai faibromayaljiya ma, idan aka zauna da ita, za ta ce hasken fitila yana damunta, ƙarar janareto tana shiga mata har ƙashi, turare mai ƙarfi yana tayar mata da ciwon kai. Ke nan a duka biyun ana maganar jijiyoyin da ba sa tace abin da yake shigowa yadda na yawancin mutane suke yi. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan manya masu otizim 973 a ƙasar Holan ya sami cewa kashi 21 cikin 100 an riga an gano musu ɗaya daga cikin larurorin wannan dangi, irin su faibromayaljiya da ciwon gajiya mai ɗorewa da rikicewar hanji, kashi 60 kuma amsoshinsu sun kai matakin da ake zargin larurar, kuma mata da masu tsananin jin sauti da taɓawa su ne suka fi yawa a ciki. Ya kamata a karanta adadin da hankali, domin mutanen da kansu suka ba da bayanin, kuma wasu tambayoyin takardar, kamar na jin haske da wari, mai otizim zai amsa su da e ko da ba shi da ciwo. Duk da haka alkiblar da yake nunawa ta yi daidai da abin da muke gani a ɗakin duba marasa lafiya.

Akwai wata gada ta biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba, ita ce laushin gaɓɓai. Wasu mutane jijiyoyin da suke riƙe gaɓɓansu sun fi na kowa miƙewa, za ki ga mutum yana iya lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa hannun a tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ko gwiwarsa tana komawa baya idan ya tsaya, ko ya dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da ya karya gwiwa ba. Akwai gwaji mai maki tara da ake yi a cikin minti biyu don auna wannan. Bincike a kundin lafiyar ƙasar Suwidin a 2016 ya nuna cewa masu larurar Ehlers-Danlos, wadda laushin gaɓɓai yake cikin manyan alamominta, sun fi sauran jama'a samun otizim, kuma masu bincike a makarantar likitanci ta Brighton da Sussex, nan ƙasar da kike, sun ruwaito a 2022 cewa kusan rabin manyan da suka duba masu otizim ko larurori makusantansa suna da laushin gaɓɓai, alhali a cikin jama'a kusan ɗaya ne cikin biyar. Gaɓar da ba ta da ƙarfin riƙo tsoka ce take biyan bashinta, tana ɗaure dare da rana, daga nan ciwo ya zauna. Masu wannan hali kuma sukan ji jiri da bugun zuciya idan sun miƙe tsaye. Idan ba a taɓa yi miki wannan gwaji ba, ki nemi a yi, domin sakamakonsa yana sauya irin motsa jikin da ya dace da ke.

Barci ma yana tsakiya. Tun a 1975 Harvey Moldofsky a Kanada ya nuna cewa idan aka riƙa katse wa masu lafiya barcinsu mai nauyi na wasu darare, sukan wayi gari da ciwon tsoka irin na masu faibromayaljiya. Rashin barci kuwa yana cikin abubuwan da suka fi addabar masu otizim tun suna yara. Idan kika haɗa wannan da shekarun ɓoye hali da na ambata, da fargabar da take tafe da su, za ki ga jiki ne da ya daɗe a tsaye cikin shirin ko-ta-kwana ba tare da an sallame shi ya huta ba, kuma a ganina wannan yana cikin manyan dalilan da suke sa ciwon ya sami wurin zama.

Bari in ba ki misalin wata mata da na daɗe ina dubawa, wadda na sauya wasu bayananta don sirrinta. Ta zo tana cewa ciwonta ba shi da kan gado, yana tashi ne kawai yadda ya ga dama. Na roƙe ta ta riƙa rubuta abin da ta yi kowace rana na wata biyu, har da abin da take ganin ba aiki ba ne. Da muka baje takardun a kan tebur, sai ga shi ranakun da ta yi wanki da shara ba su ne suke kwantar da ita ba. Abin da yake kwantar da ita shi ne taron suna da biki: sabuwar atamfa mai sitaci tana gogar wuyanta, ɗankwali ya ɗaure mata kai tun safe, turaren wuta ya cika ɗaki, mata goma suna magana lokaci ɗaya, ita kuma tana zaune tana lissafin wa ta gaisar, wa ya rage, yaushe ya kamata ta yi murmushi. Ba ta ɗaga ko bokiti ba, amma washegari da jibi ba ta iya sauka daga gado. Da ta ga haka da idonta ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce duk shekarun nan ta ɗauka lalaci ne. Abin da muka yi bai wuce ta riƙa wanke sabon kaya kafin ta sa, ta je da wuri ta yi barka ta fito bayan awa ɗaya, ta kuma bar washegari babu wani alkawari. Ciwon bai tafi ba, amma kwanakin kwanciyarta sun ragu sosai, kuma ba a ƙara mata ko ƙwaya ɗaya ba.

Wannan ya kawo ni ga wata wahala da take samun masu abubuwan biyu a gaban likita. Da yawa daga masu otizim ba sa jin saƙon cikin jiki da wuri, ba sa sanin yunwa ko ƙishi ko gajiya ta kama su sai ta kai maƙura, kuma yana yi musu wuya su sa wa abin da suke ji suna. Idan aka ce mata ta ba ciwonta maki daga sifili zuwa goma sai ta rasa abin faɗa, ko ta faɗi tara da fuskar da ba ta nuna komai, likitan da bai sani ba sai ya ɗauka ƙari take yi. Shi ya sa nake ba da shawarar ki riƙa zuwa da bayaninki a rubuce, ki faɗi abin da ciwon ya hana ki yi maimakon lamba, ki kuma gaya wa likita tun farko cewa fuskarki ba ta nuna abin da jikinki yake ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka kuma kada ki yarda a riƙa jingina kowane sabon abu ga faibromayaljiya. Kumburin gaɓa, zazzaɓi, rama ba dalili, ko rashin ƙarfi a gefe ɗaya na jiki ba nata ba ne, kuma ƙarancin jini, da raguwar aikin tayirod (ƙullin nan na gaban wuya da yake kumbura ya zama maƙoƙo), da ƙarancin bitamin D, wanda ya yawaita ga masu duhun fata da suke zaune a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi, duk suna iya kwaikwayonta ko su ƙara mata nauyi. Idan kina da 'yan'uwa a gida masu irin wannan ciwon jiki da ake ta yi wa maganin maleriya da taifot ana maimaitawa ba sauƙi, ya dace su ga likitan gaɓɓai a asibitin koyarwa.

Yanzu ga maganar runguma. Ra'ayin da kike gani a intanet yana da asali, kuma asalinsa mai daraja ne. A 1993, a wani taro a Toronto, Jim Sinclair, wanda shi kansa mai otizim ne, ya gaya wa iyaye cewa babu wani yaro na daban da yake ɓoye a bayan otizim ana jiran a fito da shi, domin abin ya ratsa yadda yaron yake ji da gani da tunani gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 Judy Singer ta Ostireliya da wasu suka yaɗa tunanin cewa ƙwaƙwalen mutane iri-iri ne kamar yadda halittu suke iri-iri. Wannan ya tashi ne a matsayin martani ga zamanin da ake ɗora wa iyaye mata laifi, ana kuma horar da yara su daina duk wani motsi da ya bambanta su da sauran. Mu ma wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu ɗungurungum. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kurame kuma suna da maganar hannu tasu, wato jama'a ta daɗe da sanin cewa wata halitta tana iya zama tushen zumunci da shugabanci da mutunci. Idan kika ce ke mai otizim ce kamar yadda za ki ce ke Bazazzagiya ce, ba ki yi ƙarya ba, kuma ba ki kira wa kanki komai ba, domin abin yana tare da ke tun ranar sunanki. Na ga mata da yawa da wannan sani ya sauke musu kayan da suka ɗauka tun ƙuruciya, suka daina kiran kansu marasa kirki ko masu girman kai. Sai dai a riƙa tunawa da iyalan da 'ya'yansu ba sa magana, suke buƙatar kulawa dare da rana, waɗanda kalmar alfahari takan yi musu nauyi a baki, su ma gaskiyarsu suke faɗa.

Faibromayaljiya kuwa ba ta cika wannan siffa ba. Akwai lokacin da ba ki da ita, kina iya tuna shi. Tana da ranakun tsanani da na sauƙi, kuma akwai waɗanda bayan shekaru alamominsu suke raguwa har su fita daga ma'aunin. Idan da za a ɗauke miki ita gobe da safe, ke ce dai za ki tashi, da halinki da tunaninki da abin da kike so, sai dai babu ciwo. Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun bayyana hanyoyi huɗu da mai doguwar jinya yake ɗaukar ciwonsa: akwai wanda ya ƙi yarda da shi sam, akwai wanda ciwon ya haɗiye shi har ba ya ganin kansa sai ta cikinsa, akwai wanda ya karɓe shi a matsayin ɓangare na rayuwarsa, akwai kuma wanda ya ga ya ƙaru da wani abu ta dalilinsa. Abin da suka samu a larurori daban-daban shi ne waɗanda ciwon ya haɗiye su sun fi shiga damuwa da baƙin ciki, masu ƙin yarda sukan yi sakaci da magani, masu karɓa kuma sun fi samun daidaito. A faibromayaljiya haɗarin haɗiyewa ya fi tsanani, saboda jijiyoyin da aka ƙure wa murya suna ƙara ƙarfi ne idan hankali ya tare a kansu, kuma tsoron motsi yana sa tsoka ta yi rauni, raunin ya ƙara ciwo. Na ga waɗanda zauren intanet ya cece su daga kaɗaici a shekarar farko, na kuma ga waɗanda bayan shekara uku duk ƙawayensu da hirarsu da karatunsu sun koma na ciwo, har samun sauƙi ya fara yi musu kama da cin amanar 'yan'uwa. Ma'aunin da nake ba marasa lafiyata shi ne su duba bayan wata shida: shin sunan nan ya buɗe musu ƙofofin da suke rufe, ko ya ƙara rufe wasu?

Saboda haka maganar Hajiya mahaifiyarki tana da ƙamshin gaskiya ta wannan gefe, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke ta a matsayin rashin fahimta kawai. Uwa ce take tsoron kada 'yarta ta miƙa wuya. Inda zan saɓa mata, cikin ladabi, shi ne faɗin sunan ciwo ba ya kawo shi, kuma ba ya cin karo da haƙuri ko tawakkali. Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya faɗa wa Ubangijinsa a fili cewa cuta ta shafe shi, ya nemi rahama. Ta fuskar zaman da kike yi ma sunan yana da aiki: dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi gyare-gyaren da suka dace ga wanda larura ta daɗe tana tauye masa ayyukan yau da kullum, kamar sassauta lokutan aiki ko ba shi wuri mara hayaniya, kuma ba za ki sami wannan ba sai kin faɗa.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a labarinki shi ne karɓar otizim ɗin da kanta tana iya zama ɓangare na maganin faibromayaljiyar. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya sami goyon baya mai ƙarfi, magunguna irin su amitiriptilin da dulokzetin da piregabalin kuma suna taimaka wa wasu ne kawai, gwargwado, manyan magungunan kashe zafi masu sa maye kuwa an hana su. Amma idan aka tura mai otizim ɗakin motsa jiki mai kiɗa da madubai da cunkoso, za ta je sau biyu ta daina, a rubuta cewa ba ta bin umarni. Ita wannan matar, idan aka ce ta yi tafiyar minti goma a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, kowace rana bayan sallar asuba, a riƙa ƙara minti biyu duk mako, ƙaunarta ga tsari sai ta zama ƙarfinta, ta fi kowa riƙewa. Tunda jiki ba ya ba ki labarin gajiya da wuri, ki riƙa hutawa da agogo, kada ki jira sai kin ji. Idan za a fara miki magani, ki nemi a fara da mafi ƙanƙantar awo a hau a hankali, domin da yawa daga masu irin jikinki suna saurin jin illar ƙwaya. Ki lissafa hayaniya da baƙi da tafiya asibiti a cikin aikin rana kamar yadda kike lissafa girki. Ki kuma sami aƙalla wuri ɗaya, ko da ɗakinki ne tare da maigida, inda ba sai kin kwaikwayi kowa ba.

Idan kin kira Hajiya a wannan makon, ba sai kin ambaci sunayen nan masu nauyin faɗa ba. Ki tuna mata da yarinyar da take toshe kunne idan ana daka, wadda ba ta cin tuwo idan miya ta taɓa shi ta gefen da ba ta so, wadda take ɓuya a bayan ƙyaure ranar sallah idan gida ya cika. Ki ce mata likitoci sun ce haka Allah Ya yi ki, kuma haka Ya yi jikanta, ba laifin renonta ba ne. Sannan ki ce mata ciwon jikin dabam ne, kina kan magani, kina tafiyarki ta safe, kuma kina so ta ci gaba da yi miki addu'ar samun sauƙi a kansa.